Shiga rumbun ajiya daga nesa ta SSH: me ya sa ƙofar ta ƙi buɗuwa?

Tambaya: Ina da shagon ɗaukar hoto da bidiyo a Kano. Na sayi na'urar ajiya ta Synology, wadda ake kira NAS, na ajiye a shago, duk aikin biki da suna a cikinta muke zubawa. In ina shago komai lafiya lau, amma in aiki ya kai ni Katsina ko Zariya ba ni da hanyar ɗauko fayil ko tura sabo. Wani abokina ya ce in kunna SSH in buɗe ƙofa ta 22 a rauta, wato na'urar da ke raba intanet a shagon. Na yi, amma shiru, ba ya shiga. Ina matsalar take, kuma akwai haɗari a abin da na yi?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Kafin ka ci gaba da karatu, ka shiga saitin rautar nan ka rufe ƙofar da ka buɗe, yau ɗin nan ba gobe ba. Shawarar abokinka rabinta daidai ce. SSH ita ce hanyar, da ita nake aiki kullum, kuma na yarda da ita. Amma buɗe ta ga duk duniya ba shi ne matakin farko ba, sau da yawa ma ba a buƙatarsa sam. Ƙin shigar da ya yi kuwa, ina kyautata zaton na san dalilinsa, za mu zo kai. Daga nan zan riƙa kiran na'urar taka rumbu, tunda aikin rumbu take yi.

Rumbunka kwamfuta ne sosai, Linux ne a cikinsa, allo da madannai ne kawai ba shi da su. SSH hanya ce ta rubuta masa umarni daga wata kwamfutar, kuma duk abin da ke kai-komo tsakaninku a kulle yake, mai leƙe a hanya ba zai fahimci komai ba. Wani ɗan ƙasar Finlan, Tatu Ylönen, shi ya ƙirƙiro ta a 1995 bayan an yi satar kalmomin sirri a layin jami'arsu ta fasaha ta Helsinki. A lokacin telnet ake amfani da ita, wadda ke aika kalmar sirri tsirara kowa na gani. Lamba 22 ma, wato lambar ƙofar da SSH ke amsawa a kai, ya same ta ne a tsakanin 21 ta FTP, hanyar tura fayil, da 23 ta telnet, waɗanda ya so ya maye gurbinsu. Wadda kusan kowa ke amfani da ita yanzu ita ce OpenSSH, ta mutanen OpenBSD, tun 1999, kuma tana nan cikin Windows 10 da 11, da Mac, da Linux. Ba sai ka saukar da komai ba.

Fara a shago. Wannan ƙa'ida ce da ba na saɓa mata: abin da bai yi aiki kana zaune kusa da na'urar ba, ba zai yi daga Katsina ba, kuma a can ba ka da yadda za ka gyara. A shafin DSM, wato tsarin da ke tafiyar da rumbun Synology, ka shiga Control Panel, sannan Terminal & SNMP, ka kunna Enable SSH service. Ka sani cewa asusun da ke cikin rukunin administrators ne kaɗai Synology ke bari ya shiga ta SSH. Ka ƙirƙiri sabon asusu da sunan da ka zaɓa, ka sa shi a rukunin, sannan ka kashe tsohon asusun nan mai suna admin, don da shi masu kutse ke fara gwaji. A rauta kuma ka keɓe wa rumbun adireshi ɗaya tabbatacce, a sashen DHCP mai raba wa na'urori adireshi, don kada bayan ɗauke wuta ya tashi da wani daban. A ce ka ba shi 192.168.1.50, asusun kuma maihoto. Buɗe PowerShell ko Terminal ka rubuta:

ssh maihoto@192.168.1.50

Karon farko zai nuna maka wani dogon layi da ya fara da SHA256, ya tambaye ka ko ka amince. Wannan shi ne tambarin rumbun, kamar zanen yatsa. Ka rubuta yes, kwamfutarka za ta adana shi a fayil ɗin known_hosts, ta riƙa dubawa duk lokacin da ka dawo. Shi ya sa nake so haɗuwar farko ta kasance a shago, a layinka, inda ka tabbata da rumbunka kake magana. In wata rana ka ga gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa REMOTE HOST IDENTIFICATION HAS CHANGED, kada ka yi gaggawar share shi don ka wuce. In ka san ka sake ɗora tsarin rumbun ko ka canja na'ura, to shi ke nan. In ba ka taɓa komai ba, tsaya ka bincika, wani ne ka iya tsayawa a tsakani. Lokacin rubuta kalmar sirri kuma ba za ka ga komai na fitowa a allo ba, ko tauraro. Haka take, ba lalacewa ba ce.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni hankalinka, wato barin kalmar sirri a koma mabuɗi. Kalmar sirri abu ne da ake iya cinka, a gwada dubu a gwada dubu biyu har a dace. Mabuɗin SSH kuwa abu biyu ne da ake ƙerawa tare, kwaɗo da mabuɗinsa. Kwaɗon kana iya maƙala shi a kowace ƙofa, kowa ya gan shi ba komai. Mabuɗin yana kwamfutarka, ba ya fita, ko a lokacin shiga ba a aika shi ta layi, sai dai ya sa hannu a kan wani saƙo rumbun ya tabbatar da kwaɗon da ke wajensa. A kwamfutarka, ba a rumbun ba, ka rubuta:

ssh-keygen -t ed25519

Zai ƙera fayil biyu a foldar .ssh: id_ed25519 shi ne mabuɗi, id_ed25519.pub shi ne kwaɗo. Zai nemi ka sa wa mabuɗin kalmar tsaro. Ka sa. Kai mutum ne mai yawo da laftof wuraren biki, cikin cunkoso, kuma in aka ɗauke ta babu wannan kalmar, an ɗauke da mabuɗin shagonka gaba ɗaya. Nau'in ed25519 ya shigo OpenSSH tun 2014, gajere ne, mai sauri ne, kuma ya raba ka da rigimar tsofaffin nau'o'in mabuɗi da wasu na'urori suka fara ƙi.

Kafin ka kai kwaɗon, rumbun na buƙatar asusunka ya sami foldar gida. A Control Panel, User & Group, Advanced, ka kunna Enable user home service. Daga Mac ko Linux umarni ɗaya ya isa, ssh-copy-id maihoto@192.168.1.50. Windows ba ta da wannan, sai ka buɗe fayil ɗin .pub da Notepad, ka kwafi layin nan guda ɗaya, ka shiga rumbun ka zuba shi a fayil mai suna authorized_keys cikin foldar .ssh ta gidanka.

A nan ne mutane da yawa ke karaya. Sun yi komai daidai, amma rumbun na ci gaba da neman kalmar sirri, ba tare da ya faɗi dalili ba. Na taɓa kwashe yammaci guda a wani ofishi a kan wannan, ina sake ƙera mabuɗi ina sake kwafa, ashe izinin folda ne. SSH tana da wani tsauri mai kyau: in ta ga foldar gidanka a sake take, wani na iya rubutu a cikinta, ba za ta yarda da kwaɗon da ke ciki ba, don wa ya sani ko wani ne ya maƙala nasa. Synology kuwa takan ƙirƙiri foldar gida a sake. Maganin layi uku ne, kana cikin rumbun:

chmod 755 ~
chmod 700 ~/.ssh
chmod 600 ~/.ssh/authorized_keys

Fita ka sake shiga. In ya nemi kalmar tsaron mabuɗi maimakon ta asusun, ka ci nasara. In bai yi ba, ƙara -v bayan ssh, zai zayyano maka duk abin da ke gudana, ka nemi layin da ke cewa Offering public key ka ga abin da ya biyo baya.

Sai bayan mabuɗi ya yi aiki, ka gwada sau biyu sau uku, za ka hana shiga da kalmar sirri. Ana yin haka a fayil ɗin /etc/ssh/sshd_config, da sudo, umarnin da ke ba ka cikakken iko a rumbun, a mai da layin ya zama PasswordAuthentication no, sannan a kashe SSH a sake kunnawa daga Control Panel. Ka ajiye kwafin fayil ɗin kafin ka taɓa shi. Abu biyu kuma ka riƙe. In akwai yaran shago da ke shiga ta SFTP, hanyar tura fayil ta cikin SSH, da kalmar sirri, su ma hanyarsu na iya rufewa, sai an yi musu nasu mabuɗin. Sannan sabunta DSM na iya mai da fayil ɗin yadda yake a da, don haka bayan kowace sabuntawa ka sake leƙawa.

To, mu zo ga ainihin tambayarka. Me ya sa ka buɗe ƙofa a rauta amma ba a shiga? In intanet ɗin shagonka na layin waya ne, rautar 4G ko MiFi, kusan tabbas kana bayan abin da ake kira CGNAT. Adireshin IPv4 ya yi ƙaranci a duniya, duka-duka kusan biliyan 4.3 ne, don haka kamfanoni ke haɗa kwastomomi masu yawa a bayan adireshi ɗaya. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa da zaure ɗaya. Kai ka buɗe ƙofar ɗakinka, amma baƙon da ya zo daga waje a zaure yake tsayawa, kuma mai gadin zauren bai san ɗakin wa zai kai shi ba. Zauren na kamfani ne, ba ka da iko da shi. Masu Starlink na gida ma haka suke. Kana iya tabbatarwa cikin minti biyu: duba WAN IP, wato adireshin da kamfanin intanet ya ba rautar, a shafin rautarka, sannan ka tambayi Google adireshin da duniya ke ganinka da shi. In sun bambanta, ko na rautar ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to amsar ke nan. Wannan zangon na 100.64 an ware shi ne musamman don wannan aiki tun 2012. DDNS ma ba za ta cece ka ba, suna kawai take liƙa wa adireshin zauren.

A ce ma kana da adireshi naka na kanka, ƙofar ta buɗu. Da me za ka gani? Akwai lokacin da na bar ƙofa ta 22 a buɗe kwana ɗaya a wata na'ura da nake haɗawa, da safe na duba kundin shiga na tarar da layi bayan layi, root, admin, test, user, daga ƙasashen da ba mu da kowa a cikinsu. Ba wanda ya san mu. Manhajoji ne ke bin adireshin duniya ɗaya bayan ɗaya dare da rana suna murɗa kowace ƙofa. Kuma rumbunan ajiya suna cikin abin da suka fi kwaɗayi, don sun san nan ne mutum ke tara abin da ba zai iya rasawa ba. A 2014 wata muguwar manhaja mai suna SynoLocker ta kulle fayilolin masu Synology da ba su sabunta tsarinsu ba. A Afrilun 2021 irinta mai suna Qlocker ta faɗa wa masu rumbun kamfanin QNAP, a Janairun 2022 kuma DeadBolt ta biyo baya tana neman bitcoin 0.03 a kan kowace na'ura. Waɗannan ba ta SSH suka shiga ba, ta ramukan da ke cikin wasu manhajojin rumbun ne, amma abin da ya haɗa waɗanda abin ya shafa shi ne na'urarsu na fuskantar intanet kai tsaye. Ita kanta OpenSSH, duk ƙarfinta, a Yulin 2024 kamfanin Qualys ya bayyana wani rami a cikinta da aka sa wa suna regreSSHion, wanda ke iya ba da dama tun kafin a kai ga tambayar mabuɗi. An toshe shi da wuri, sai dai rumbuna ba sa samun gyara da saurin da sabobin Linux, wato kwamfutocin da ke hidima a intanet, ke samu. Ka tuna abin da ke cikin naka: hotunan amaren mutane, matan aure a cikin gidajensu, amanar da aka ba ka. Ba asarar kuɗi kaɗai ba ce in suka fita.

Mai da ƙofar daga 22 zuwa wata lamba yana rage hayaniya a kundin, iyakarsa ke nan, kada ka ɗauke shi a matsayin kariya.

Abin da nake ba da shawara, kuma shi nake yi wa kowa yanzu, shi ne ka haɗa rumbun da laftof ɗinka a wani keɓaɓɓen layi na VPN, SSH ta bi ta cikinsa. Mafi sauƙi ga mai hali irin naka shi ne Tailscale. An gina ta a kan fasahar VPN ta WireGuard, wadda Jason Donenfeld ya rubuta, ta shiga cikin Linux a 2020. Tana nan a Package Center na Synology, kuma akwai tsarin kyauta na amfanin kai. Ka ɗora ta a rumbun, ka ɗora a laftof da waya, ka shiga da asusu ɗaya. Dabarar ita ce kowace na'ura ita ke fita waje da kanta ta nemi 'yar'uwarta, mai gadin zaure kuwa ba ya hana fita. Don haka CGNAT ba ta tare ta, kuma ba ka buɗe komai a rauta ba. Kowace na'ura za ta sami adireshi da ya fara da 100 wanda ba ya canjawa, da shi za ka yi ssh daga ko'ina. Inda aka kasa haɗa su kai tsaye, zirga-zirgar kan bi ta sabobin kamfanin, a kulle dai, amma gudun yakan ragu.

Akwai wani ɗan haki a nan da ke tsone ido bayan wata shida. Tailscale tana sa izinin kowace na'ura ya ƙare bayan kwana 180, sai an sake shiga. A shafin gudanarwarta ka nemo rumbun ka zaɓi Disable key expiry, in ba haka ba wata rana kana Zariya zai ɓace maka ba gargaɗi. Asusun da ka buɗe ta da shi kuma ka sa masa tabbaci mai mataki biyu, don yanzu shi ne babbar ƙofa. In ba ka son dogaro da wani kamfani, ana iya hayar ƙaramar saba mai adireshi tabbatacce a ɗora WireGuard a kai, ko rumbun ya miƙa bututu zuwa can da ssh -R. Yana aiki, na yi shi, amma ka ƙara wa kanka na'ura ta biyu da za ka riƙa kula da tsaronta, kuma mai shagon hoto yana da abin yi da ya fi wannan.

Don kada ka riƙa haddace lambobi, buɗe fayil mai suna config a foldar .ssh ta laftof ka zuba wannan, ka sa adireshin da Tailscale ta ba rumbun:

Host rumbu
HostName 100.x.y.z
User maihoto
ServerAliveInterval 30
ServerAliveCountMax 4

Daga nan ssh rumbu kawai za ka rubuta. Layi biyun ƙarshe na sa kwamfutar ta riƙa taɓa rumbun duk daƙiƙa 30 don kada layin ya yi barci, in kuma ya mutu ta gane cikin minti biyu maimakon ta sandare.

Tura fayil shi ne ainihin buƙatarka, kuma a layinmu mai yankewa cikin umarnin kwafar fayil guda biyu, rsync ta fi scp nesa ba kusa ba, don in aka yanke tana ɗorawa daga inda ta tsaya. Ka kunna ta a File Services, ka kunna SFTP ma a can, don a Synology kunna SSH bai kunna su ba, kuma sabuwar scp tun daga OpenSSH 9.0 ta kan SFTP take bi. Foldodinka suna ƙarƙashin /volume1. Misali:

rsync -avP bikin-katsina/ rumbu:/volume1/aiki/bikin-katsina/

Lura da karkatacciyar sandar da ke ƙarshen sunan farko. In tana nan, abin da ke cikin foldar za a kwafa. In babu, foldar kanta za a jefa cikin ta biyun, ka wayi gari da folda cikin folda. Ƙara -n a karon farko, za ta nuna maka abin da za ta yi ba tare da ta yi ba. Kada ka wahalar da kanka da -z, hotunan JPEG da bidiyo a matse suke tun asali. A Windows babu rsync sai ta WSL, wato Linux da ake ɗorawa a cikin Windows, amma manhajar WinSCP na karɓar mabuɗin nan, tana ci gaba bayan yankewa, kuma ja-ka-ajiye ce.

Kada ka sa ran abin al'ajabi wajen gudu. In kana ɗauko fayil daga nesa, gudun turawa na layin shago ne ke yanke hukunci, ba na saukarwa ba. Layin da ke tura megabit 10 a daƙiƙa yana kai kusan gigabayit 4.5 a awa, wato bidiyon biki mai gigabayit 50 zai ci awa 11, kuma data na ƙonewa ta ɓangare biyu, na shago da na hannunka. Ɗauko hotuna ashirin da amarya ta matsa a ba ta, wannan daidai ne. Babban aikin kuwa ya jira ka dawo ka jona waya.

Ina roƙonka hattara da umarnin rm, mai share fayil. Kwandon shara na Synology yana kama abin da aka share ta File Station ko ta foldar da aka raba, amma abin da ka share ta SSH ya tafi ke nan. Tazara guda a inda bai kamata ba, tare da sudo, na iya kwashe aikin shekara. Haka --delete a rsync, mai share duk abin da babu shi a foldar farko, kada ka taɓa sa shi sai ka gwada da -n ka karanta jerin da idonka. In rumbun na da faifai biyu masu kwafin juna, suna kare ka ne daga mutuwar faifai ɗaya, amma abin da ka share a take yake gogewa a duka biyun, don haka ka sami wani faifan na waje da manhajar Hyper Backup ta Synology ke zuba wa kwafi, ka riƙa cire shi kana ajiyewa a gida.

Saura wuta. Duk wannan ba ya amfani in rumbun a kashe yake. Ka sa shi a UPS mai wayar USB don ya kashe kansa cikin natsuwa in batir ya kusa ƙarewa, ka jona rautar ma a kai. A Hardware & Power akwai zaɓin da ke sa ya tashi da kansa in wuta ta dawo, ka kunna shi. Ranar da ka gama haɗawa, ka gwada tun kana shago: cire laftof daga Wi-Fi na shagon, jona ta da datar wayarka, ka rubuta ssh rumbu. Sannan ka kashe wutar bango, ka jira ya mutu, ka mayar, ka ga ko zai dawo layi ba tare da ka taɓa shi ba. In wani mataki ya ƙi, turo min abin da ssh -v ya nuna da lambobi biyun farko na WAN IP ɗinka kawai, amma fayil ɗin id_ed25519 kada ka tura wa kowa, har ni.